Muhawara kan asid fosfatez: me launin rawayar nan yake faɗa mana?

Ɗalibar Digiri Na Biyu:
Assalamu alaikum malamaina da sauran 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman a warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai. Ina auna ƙarfin aikin enzayim ɗin asid fosfatez, wato furotin mai cire fosfet daga wasu sinadarai a wuri mai tsami, a hantar ɓera. Na niƙa hantar a hankali cikin ruwan sukuros mai sanyi, na yi amfani da sinadarin pNPP, wanda ke sakin launin rawaya idan aka cire masa fosfet, a cikin bafar asitet (ruwan da ke daidaita tsami) mai pH 5, na tsayar da aikin da sodiyam haidiroksaid, sannan na karanta launin rawayar a nanomita 405. A ranar farko abin da na samu ɗan kaɗan ne ƙwarai, har na ɗauka enzayim ɗin ya mutu. Na ajiye ragowar niƙan a firji, bayan kwana huɗu na sake gwadawa don kawai in tabbatar da lalacewarsa kafin in zubar, sai ga launi ya fito ninkin-ba-ninkin na farko. A iya sanina enzayim raguwa yake yi idan ya kwana, ba ƙaruwa ba. Shin kuskure na yi a awon farko, ko kuwa ƙwayoyin cuta ne suka shiga samfurin suka hayayyafa?

Ma'aikacin Ɗakin Gwajin Asibiti:
Wa alaikumus salam, malama. Abin da zan fara tambaya shi ne ko kin sa kwalbar da babu enzayim a cikinta a duka ranakun biyu, domin pNPP da ya daɗe a narke yakan fara sakin launinsa da kansa, musamman idan haske da ɗumi sun same shi, kuma wannan kaɗai ya isa ya ruɗi mutum. Ki kuma duba ko ba a wanke kwalaben ranar farko da sabulu mai fosfet ba, saboda fosfet shi ne abin da enzayim ɗin yake fitarwa, kuma idan ya yi yawa a wurin sai ya koma ya tare mazaunin aikin. Shi ya sa ba a taɓa yin wannan gwaji a cikin bafar fosfet. A aikinmu na ruwan jini kuwa, abin da muka saba gani akasin naki ne. Idan aka bar samfuri a buɗe a kan tebur, iskar kabon dayoksaid tana fita, pH yana hawa, enzayim ɗin kuma ya lalace cikin sa'o'i kaɗan, wanda shi ya sa ake zuba masa ɗan sitiret ko asitet da zarar an raba shi da jini. Ni dai zato na ya fi karkata ga kuskuren awo.

Tsohon Malamin Kimiyyar Sinadaran Jiki:
'Yata, kada ki zubar da wannan samfuri, kuma kada ki yi saurin zargin hannunki. Shawarwarin da ɗan'uwa ya bayar duk a kan hanya suke, ki bi su, amma abin da kika kwatanta ya riga ya faru da wasu kafin ki, kuma a kansa aka gano wani sashe na ƙwayar halitta da ba a san da shi ba.

A ƙarshen shekarar 1949, a jami'ar Louvain da ke Beljiyam, Christian de Duve da abokan aikinsa suna bin diddigin yadda insulin yake aiki a hanta. Enzayim ɗin da ya dame su shi ne gulukos-6-fosfatez, asid fosfatez kuwa suna auna shi ne kawai don kwatantawa. Da suka bar injin markaɗe mai ƙarfi suka koma niƙa mai laushi, suka kuma rarraba sassan ƙwayar halitta da na'urar juyi, sai suka tarar aikin asid fosfatez ya faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da suka saba samu. Su ma kuskure suka zarga. Suka ajiye samfuran a firji, bayan kwana biyar suka maimaita, sai ga aikin ya dawo cif. Daga nan de Duve ya fahimci cewa enzayim ɗin yana nan tun farko, sai dai a kulle yake cikin wata 'yar jaka mai tantani, sinadarin gwajin ba ya iya shiga ya same shi, kuma kwanakin da aka yi a firji ne suka sa jakar ta tsufa ta fashe. A 1955 suka raɗa wa jakar suna laisosom, Alex Novikoff kuma ya taimaka aka ga siffarta da madubin ilektiron. A 1974 de Duve ya karɓi kyautar Nobel tare da Albert Claude da George Palade.

Kin niƙa a hankali, kin yi amfani da sukuros wanda yake hana jakar kumbura ta fashe, saboda haka abin da kika auna a ranar farko shi ne ɗan abin da ya zubo waje. Ranar huɗu kuwa kin auna abin da ke cikin jakar.

Ɗalibar Digiri Na Biyu:
Allah ya saka da alheri, Malam, hankalina ya kwanta. Kwalbar da babu enzayim na sa ta a duka ranakun, kuma ba ta nuna wani launi na a-zo-a-gani ba. To yanzu wanne zan rubuta a matsayin ainihin ƙarfin enzayim ɗin, na farko ko na biyu? Ba zai yiwu in riƙa jiran kwana huɗu a kowane samfuri ba.

Tsohon Malamin Kimiyyar Sinadaran Jiki:
Ba sai kin jira ba, kuma jiran ma ba hanya ce mai kyau ba, domin a lokacin da jakar take fashewa wani ɓangare na enzayim ɗin yana lalacewa, sai ki rasa gane abin da ya ƙaru da abin da ya ragu. Ki raba sabon niƙa gida biyu. Kashi na farko ki auna shi yadda yake, da sukuros a cikin ruwan gwajin kansa, kuma ki taƙaita lokacin zuwa kamar minti goma, saboda ɗumi da tsamin pH 5 su ma suna fasa laisosom idan aka daɗe. Kashi na biyu ki zuba masa Triton X-100, wani sinadari mai kama da sabulu, kashi 0.1 cikin ɗari, wanda zai narkar da tantanin nan take. Na farko shi ne aikin da yake a sake, na biyu shi ne jimillar aiki, kuma duka biyun za ki rubuta. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ma'aunin lafiyar laisosom ɗinki, kuma masu binciken guba da magunguna sun daɗe suna amfani da ita don gane ko wani sinadari yana huda laisosom.

Sai dai akwai wani gargaɗi da ya fi wannan muhimmanci. Sinadarin pNPP ba ya zaɓen mai yanka shi. Kusan duk enzayim ɗin da ke iya cire fosfet zai cire nasa, kuma launin rawayar da zai fito iri ɗaya ne. Shi de Duve da bita-gilisarofosfet ya yi aiki, wanda enzayim ɗin laisosom yake yankawa sosai alhali wani ɗan'uwansa da ke yawo cikin ruwan ƙwayar halitta ba ya kula shi sosai. Idan kika yi amfani da pNPP, wannan na wajen zai shiga lissafin aikin da yake a sake, ki ɗauka laisosom ɗinki sun fashe fiye da yadda suka fashe.

Ma'aikacin Ɗakin Gwajin Asibiti:
Na karɓi gyara, Malam, ranka ya daɗe, ban kawo batun laisosom a raina ba domin mu da ruwan jini muke aiki, ba da niƙan nama ba. Amma maganarka ta ƙarshe ita ce hujjata a kan abin da na daɗe ina faɗa, wato wannan gwaji ya tsufa, kuma ban ga dalilin da za a ci gaba da ɗora bincike a kansa ba. Mu a asibiti mun yi bankwana da shi. Tarihinsa babba ne, ban musa ba. A 1935 Kutscher da Wolbergs a Jamus suka nuna cewa ƙwayar furostet ta namiji cike take da asid fosfatez. A 1938 Alexander Gutman da Ethel Gutman suka nuna cewa yana hawa a jinin masu sankarar furostet wadda ta bazu, musamman zuwa ƙashi, kuma ana lissafa shi cikin alamomin sankara na farko da aka fara aunawa a jini. A 1941 Charles Huggins da Clarence Hodges suka yi amfani da shi wajen nuna cewa rage sinadarin namiji a jiki yana dakushe cutar, aikin da ya kai Huggins ga kyautar Nobel a 1966. Duk wannan gaskiya ne.

To amma me ya biyo baya? Gwajin ba ya ganin cutar tun tana ƙarama, sai ta riga ta fita daga furostet sannan yake hawa. Jinin da jajayen ƙwayoyinsa suka fashe yana ba da sakamakon ƙarya, ƙwayoyin daskarar da jini su ma suna zubo nasu lokacin da jini yake daskarewa, ga kuma saurin lalacewa da na ambata. An yi ta neman dabara, aka koma sinadarin taimolftalin monofosfet wanda ya fi karkata ga na furostet, aka riƙa cire abin da sinadarin tatret bai hana ba daga jimilla, tun da tatret yana hana na furostet aiki, duk da haka da gwajin PSA, wani furotin na furostet da ake aunawa a jini, ya shigo, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1986 don bin yanayin majiyyaci, sannan a 1994 don taimakawa wajen gano cutar, sai asid fosfatez ya koma gefe. Gwajin da ba ya tantance wane enzayim yake aunawa, ta yaya za a amince da shi a bincike?

Likitar Binciken Ƙashi:
Ɗan'uwa, ina ganin ka auna enzayim ɗin da mudun asibiti kaɗai, alhali tambayar asibiti daban, tambayar bincike daban. A fanninmu ba a yin mako guda ba a taɓa shi ba. Ƙwayoyin da ke cin ƙashi, wato ostiyoklas, suna ɗauke da wani nau'i wanda tatret ba ya hana shi aiki, wanda ake taƙaita sunansa da TRAP. Idan muka raini ƙwayoyin ɓargo a faranti muka ba su sinadarin RANKL mai sa su rikiɗe zuwa masu cin ƙashi, hanyar farko da muke gane sun zama ostiyoklas ita ce mu rina su a pH 5 tare da tatret, mu ƙirga manyan ƙwayoyin da suka yi ja kuma suke da cibiya uku ko fiye. Duk wanda ya gwada wani magani na hana zaizayar ƙashi ya bi ta wannan hanya. A jini kuma akwai reshensa da ake kira 5b, wanda ostiyoklas ne suke fitar da shi, kuma ana auna shi don sanin yawansu a jiki. Amfaninsa a kan wasu alamomin zaizayar ƙashi shi ne ba ya taruwa a jini idan ƙoda ta gaza, saboda haka yana da daraja ga masu ciwon ƙoda.

Shi kansa na furostet ɗin da ka ce an yi bankwana da shi, bai tafi ko'ina ba, aiki ya sauya. Maganin Provenge da aka amince da shi a Amurka a 2010 don sankarar furostet da ta yi nisa, an gina shi ne a kan koya wa garkuwar jikin majiyyaci ta gane asid fosfatez na furostet ta kai masa hari. Masu binciken jijiya kuma sun shafe shekaru suna rina wani asid fosfatez a ƙananan jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon zafi ba tare da sanin ko wane ne ba, sai a 2008 aka tabbatar cewa shi ne dai na furostet, a wata siffa da ke manne da tantani, kuma yana cire fosfet daga sinadarin AMP, wato adinosin mai ɗauke da fosfet ɗaya, ya samar da adinosin mai rage raɗaɗi a ɓeraye.

Ma'aikacin Ɗakin Gwajin Asibiti:
Dakta, na yarda da batun ostiyoklas, amma ki lura cewa awon 5b da kika ambata yana dogara ne da furotin ɗin garkuwa, wato antibodi, da ke kama wannan reshe shi kaɗai kafin a auna aikinsa, wato an riga an magance matsalar da nake kuka da ita. Ga kuma wani misali daga fanninku na TRAP. Tun 1971 ake amfani da rininsa wajen gane sankarar jinin nan da ƙwayoyinta suke da gashi-gashi a gefe, amma yau masu gwaji sun fi dogara da alamomin da ke saman ƙwayar da kuma sauyin ƙwayar gado mai suna BRAF V600E da aka gano a cutar a 2011. Duk inda aka sami hanyar da ta fi tantancewa, tsohuwar tana ja da baya.

Tsohon Malamin Kimiyyar Sinadaran Jiki:
Ku biyun kuna jayayya ne a kan suna. Kalmar asid fosfatez ba sunan zuriya ɗaya ba ne, bayanin hali ne kawai, wato duk enzayim ɗin da ke cire fosfet kuma ya fi jin daɗin aiki a wuri mai tsami, tsakanin pH 4 da 6. An ba su lamba ɗaya a rajistar enzayim, EC 3.1.3.2, amma idan aka duba gininsu za a ga ba dangin juna ba ne ko kaɗan. Na laisosom da na furostet 'yan gida ɗaya ne, suna da histidin a mazaunin aiki wanda yake karɓar fosfet ɗin na ɗan lokaci kafin ruwa ya zo ya ɗauke shi, kuma su ne tatret yake hanawa. TRAP kuwa da ƙarfe yake aiki, yana da ƙwayar ƙarfe biyu a tsakiyarsa, kuma idan aka tace shi aka tara launinsa shunayya ne, saboda wani tairosin da ke riƙe da ɗaya daga cikin ƙarafan. Danginsa suna cikin tsirrai, inda ƙarfe na biyun yakan zama zinki ko manganis. Na uku shi ne ƙaramin nan na jajayen ƙwayoyin jini da ruwan ƙwayar halitta, mai nauyin kusan kilodalton 18, wanda da sistin yake aiki, kuma daga baya aka gane cewa ainihin sana'arsa ita ce cire fosfet daga tairosin na furotin, wato yana cikin masu daidaita saƙonni a ƙwayar halitta. A ɗan'adam ƙwayoyin gadon waɗannan huɗu ma a kan kuromosom daban-daban suke: na jajayen ƙwayoyi a na 2, na furostet a na 3, na laisosom a na 11, TRAP a na 19.

Saboda haka idan ɗan'uwanmu na asibiti ya ce gwajin ba ya tantancewa, ya faɗi gaskiya game da wanda ya zuba pNPP ya karanta launi ya tashi. Amma wanda ya san cewa masu yanka pNPP da yawa ne, ya ware su da tatret da fuloraid da molibdet da kuma sauya sinadarin da ake yankawa, yana iya samun amsa mai kyau da kayan da ba su da tsada. Ni abin da ya fi ɓata mini rai shi ne takardun da nake karantawa waɗanda suke cewa wani tsiro ko wani magani ya ƙara asid fosfatez a hanta, su tsaya nan, ba su ce wanne ba, ba su ce an sa Triton ko ba a sa ba. Irin wannan sakamako ba ya karɓar fassara, domin yana iya nufin laisosom sun ƙaru, ko sun fashe, ko kuma jini ne kawai ya fi yawa a naman da aka niƙa.

Mai Binciken Ƙasar Noma:
Malam, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. A fanninmu rashin tantancewar nan da ake kuka da shi shi ne ma abin da muke so a wasu lokuta. Hanyar da Tabatabai da Bremner suka wallafa a 1969 ita ce har yau ake bi: a ɗauki giram ɗaya na ƙasa, a zuba bafa da pNPP, a bar shi sa'a ɗaya a ɗumin digiri 37, sannan a zuba kalsiyam kuloraid da sodiyam haidiroksaid, a tace, a karanta launi. Ba mu damu da ko enzayim ɗin daga saiwa ya fito ko daga fungas ko daga bakteriya ba, abin da muke tambaya shi ne ƙarfin ƙasar gaba ɗaya wajen sakin fosfet daga ruɓaɓɓun abubuwa. Tsiro ba ya shan fosfaras sai a siffar fosfet da ba ta haɗe da komai, kuma idan ya ji ƙarancinsa yakan ƙara fitar da asid fosfatez ta saiwa. Farin lufin shi ne misalin da aka fi nazari, domin yana fitar da wasu saiwoyi masu cunkoso waɗanda ke zubo enzayim ɗin tare da sitiret.

Amma mu ma muna da namu ramin. Yawan aikin enzayim ba ya nufin ƙasa tana da albarka, sau da yawa ma alama ce ta yunwar fosfaras, tun da wanda ya ƙoshi ba ya wahalar da kansa. Kuma abin da ake aunawa a kwalba shi ne iyakar abin da ƙasar za ta iya idan aka cika ta da sinadari mai sauƙin yanka, ba abin da take yi a gona ba. Kaso mai yawa na fosfaras da ke haɗe a ƙasa yana cikin siffar faitet, wanda yawancin waɗannan enzayim ba sa iya taɓawa sai na musamman da ake kira faitez. Da yawa daga faitez ɗin da ake zubawa a abincin kaji da aladu, irin na fungas ɗin Aspergillus niger da na bakteriyar E. coli, 'yan gidan histidin ne da Malam ya ambata, wato dangin na furostet ne ta fuskar gini.

Sabon Ɗan Zaure:
Malamai, a yi mini afuwa idan tambayar ba ta kai ba. Shin wannan ne enzayim ɗin da ake aunawa don tabbatar da cewa an dafa madara yadda ya kamata a masana'anta?

Mai Binciken Ƙasar Noma:
A'a ɗan'uwa, wancan alkalin fosfatez ne, wanda ya fi aiki a pH 9 zuwa 10. An zaɓe shi ne saboda zafin da ke kashe shi ya ɗan ɗara wanda ke kashe ƙwayoyin cutar da ake tsoro. Asid fosfatez na madara yana jure wannan zafin, don haka ba zai nuna komai ba.

Jami'ar Gwajin Shaidun Laifi:
Ina so in goyi bayan Malam da misali daga aikinmu, inda kuskuren fassara yake iya taɓa rayuwar mutum. Maniyyi yana ɗauke da asid fosfatez na furostet da yawan da ya ninka na sauran ruwayen jiki sau ɗaruruwa, kuma yana daɗewa a busasshen tabo. Saboda haka idan aka kawo tufafi ko shimfiɗa, akan danna jiƙaƙƙiyar takardar tacewa a kai, a fesa mata alfa-naftil fosfet tare da rinin Fast Blue B, idan shunayya ta fito da sauri, galibi cikin minti biyu, sai a san inda za a yanka a bincika. Gwaji ne mai sauri, yana kuma nuna taswirar tabon da ido ba ya gani. Amma babu ƙwararren da zai tsaya gaban alƙali ya ce ya ga maniyyi don kawai takarda ta yi shunayya, domin ruwan gaban mace yana da nasa asid fosfatez, wasu tsirrai da fungas ma suna ba da launin, ko da yake a hankali. Dole a bi da madubi a nemi ƙwayoyin maniyyi, ko a auna PSA, sannan a je ga DNA. Kafin zamanin DNA kuma, ƙaramin enzayim ɗin jajayen ƙwayoyin jini da Malam ya ambata ya yi mana aiki ta wata fuska, domin a 1963 Hopkinson da Spencer da Harris suka gano cewa mutane sun bambanta a siffofinsa, aka riƙa amfani da wannan bambanci wajen ware tabon jini da shari'ar tantance uba.

Don haka ban yarda cewa isowar hanya mai tantancewa tana kashe tsohuwa ba. Ba za mu iya yi wa zanen gado gaba ɗaya gwajin DNA ba, tsohon gwajin ne yake nuna mana inda za mu sa almakashi.

Ma'aikacin Ɗakin Gwajin Asibiti:
To, Hajiya, a wannan na sauko. Matsayina yanzu shi ne gwajin yana da kyau wajen nuna hanya, ba wajen yanke hukunci ba. Amma har yanzu ina kan bakana cewa duk ɗalibin da zai ce wani enzayim takamaimai ya ƙaru, ya kawo shaida ta biyu, ko ta garkuwa ko ta ƙwayar gado.

Tsohon Malamin Kimiyyar Sinadaran Jiki:
Wannan sharaɗi na amince da shi. Zan ƙara abu ɗaya da ba a ambata ba, wato amfani da enzayim ɗin a matsayin kayan aiki maimakon abin bincike. A yis ɗin burodi akwai ƙwayar gado mai suna PHO5 wadda ke samar da asid fosfatez da ake turawa bayan ƙwayar halitta. Idan fosfet ya wadata a rufe take, idan ya yi ƙaranci sai ta buɗe, kuma tun da enzayim ɗin a waje yake, ana iya zuba rini a kan faranti a ga waɗanda suka buɗe da ido. Da wannan sauƙin aka gano jerin furotin da ke isar da saƙon yunwar fosfet, kuma a shekarun 1980 ɗakin binciken Wolfram Hörz a Jamus ya nuna cewa dunƙulen histon, wato furotin da DNA yake naɗe a kansu, da ke zaune a ƙofar PHO5 suna gushewa lokacin da za ta buɗe, abin da ya zama ɗaya daga misalan farko na yadda naɗin DNA yake sarrafa aikin ƙwayar gado. Haka kuma mai nazarin furotin da ya ga layinsa ya rabu biyu a jel ɗin da ake ware furotin da shi yana iya zuba asid fosfatez na dankalin turawa, idan layin sama ya ɓace ya san fosfet ne ya jawo rabuwar, da sharaɗin ya yi wani gwajin tare da mai hana enzayim ɗin don kada ya zama wani gurɓataccen abu ne ya yanka furotin. Masu rainon dunƙulen ƙwayoyin sankara ma suna fasa su da Triton su zuba pNPP don ƙiyasta yawan masu rai.

Ɗalibar Digiri Na Biyu:
Malamaina, na dawo da rahoto. Na yi sabon niƙa na raba shi kamar yadda Malam ya ce, kuma wanda aka sa wa Triton ya ba da launi mai yawa tun ranar farko, daidai da abin da na gani bayan kwana huɗu, har ya ɗan fi. Na kuma gwada da tatret, sai mafi yawan aikin ya tafi amma wani kaso ya rage, kuma abin da na lura shi ne wannan ragowar kusan ɗaya take ko da Triton ko babu. Shin TRAP ne nake gani?

Likitar Binciken Ƙashi:
Ba lallai ba ne, ƙanwata, kuma wannan kuskure ne da ake yawan yi, a ɗauka duk abin da ya tsallake tatret TRAP ne. Hanta tana da ƙwayoyin Kupffer waɗanda dangin makurofaj ne, wato ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye datti, kuma suna iya ɗaukar TRAP, amma da shi ne da kin ga Triton ya ƙara shi, tun da shi ma a cikin jaka yake zaune. Abin da bai damu da Triton ba a waje yake tun asali, wanda ya fi kama da ƙaramin nan mai sistin, ko na ruwan ƙwayoyin hantar ko na jinin da ya rage a cikinta. Ki gwada da sodiyam fuloraid, wanda yake hana TRAP da na laisosom amma ba ya hana ƙaramin, sannan ki maimaita da bita-gilisarofosfet, ki auna fosfet ɗin da ya fito kai tsaye tun da shi ba ya ba da launi. Idan ragowar ta tsallake fuloraid kuma ta ɓace da aka sauya sinadari, kin san mai ita. A niƙa na gaba kuma ki wanke hantar ta jijiyarta da ruwan gishiri mai sanyi har ta yi fari-fari kafin ki yanka, ki ga nawa ne zai ragu daga wannan kason.